Giɓin da Aka Bar wa Damina

Shekarun baya da nisa, zamanin da gyaɗa ke riƙe da ƙasar Maraɗi, ni direban kamiyo ne, babbar motar kaya. Nakan ɗauki buhuna daga Madarumfa, in bi ta Ɗan Issa, in sauke a Kano. Ban yi lakwal mai zurfi ba, aji uku na yi na gudu, amma a lokacin gani nake duk garin ba wanda ya kai ni wayewa, don na ga Kano, na ɗaura agogo, ina kuma iya gaida 'yan duwan, ma'aikatan kwastan na kan iyaka, da Faransanci. Abin da zan ba ku labarinsa yau, har gobe in na tuna shi raina ɓaci yake yi, kuma ba wanda nake jin haushinsa kamar kaina.

Mahaifiyata sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ɗakinta na soro ne, ba shi da ƙyaure sai asabari da wani tsohon kwano da take jinginawa. A wata tafiya da bazara na sayo mata ƙyauren katako a Katsina, jan katakon kudu mai nauyi, mutum biyu ke ɗaga shi. Da na kawo ban shigar da shi cikin gida ba. Jingine shi na yi a bangon zaure ta waje, cikin rana, don duk mai wucewa ya gani ya tambaya na wane ne. Gaskiya ke nan, ba don Inna kaɗai na saye shi ba.

Gida biyu tsakaninmu da wani dattijo kafinta, abokin mahaifina, Baba muke ce masa. Tun yana saurayi yake gyara wa masunta jiragensu a bakin tabki, daga baya ya je Maraɗi ya koyi aikin zarto da ƙusa. Ranar kasuwa yana da gindin bishiyarsa inda yake jera kujeru da benci da akwatunan amare, kusan duk aikin katakon garin a hannunsa yake. Shi ne ya tsaya a ƙofar gidanmu ya dubi ƙyauren, ya shafa shi, ya ce in ɗauke shi daga rana. Ya ce ƙyaure ba a jingine shi, kwantar da shi ake yi a inuwa bisa itace uku, kada ya taɓa ƙasa, in ba haka ba zai lanƙwashe, gara kuma ta yi masa sallama. Na ce to, na bar shi kwana biyar a wurin don kada a ce ya ba ni umarni. Sai da Inna ta sa baki na shigar da shi rumfa.

Ita ce kuma ta ce Baba za a ba aikin kafawa. Na yi tafiya, na dawo na tarar an gama. Ya kafa shi yana buɗewa ta waje, don ɗakin ƙarami ne. Ya shafe gindinsa da baƙin mai na mota, jan katakon nan da nake alfahari da shi ya yi baƙi ƙirin daga ƙasa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne giɓi. Ta gefen da ake rufewa da kuma ta ƙasa, ya fere katakon ya bar fili da ɗan yatsa zai shiga. In ka rufe kana ciki, kana ganin hasken rana ya zagaye ƙyauren.

Ina tare da wani abokina da muke tafiya tare, mutum ne da bakinsa ba ya kwana da yunwa. Ya tsuguna ya leƙa, ya ce ai wannan ɓera da matarsa da surukansa za su shiga ba tare da sun sunkuya ba. Ya ce tsoho ido ya tafi, ko kuma ya rage katakon ne don ya yi ƙafar kujera da shi. Inna ta ce ita ƙofar ta yi mata. Ban saurare ta ba.

Washegari kasuwa ce. Da ina da hankali, gidansa zan je in tambaye shi. Amma sai na bari kasuwa ta cika, na nufi gindin bishiyarsa da abokina a bayana. Ko gaisuwar kirki ban yi ba. Na ce ya ɓata mini katakon da bai taɓa riƙe irinsa ba, na ce wanda ya saba da turmi da jirgin masunta bai kamata ya taɓa kayan birni ba. Mutane suka fara taruwa. Ya bari na gama, sannan ya ce a hankali:

"Ɗana, katako shan ruwa yake yi kamar ni da kai. Yanzu bazara ce, ya bushe ya tsuke. Giɓin nan rabon damina ne na bar mata."

Wani mai sayar da igiya ya ce ashe damina ma ta shiga cikin magada, har ana fitar mata da rabo. Aka tuntsire da dariya. Dariyar nan ta hau mini kai, na juya na ce wa jama'a su shaida, daga yau ba kafintan mutane ba ne wannan, kafintan ɓera ne. Baba ya sunkuyar da kai ya ci gaba da goge ƙafar bencin da ke hannunsa. Mutumin da ya ɗauki makarar mahaifina ke nan.

Sunan ya bi shi kafin kasuwa ta watse. Masu aurar da 'ya'ya suka fara kai aikin akwati Maraɗi. Ni kuma na ɗauko wani kafinta daga can a kamiyona, ya buga siraran katako a gefen ƙyauren da ƙasansa, ya toshe giɓin kaf. Ƙofa ta koma rufuwa kamar murfin akwati, ko takarda ba ta shiga. Na riƙa kiran mutane suna zuwa gani.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka. Da aka shiga marka Inna ta ce mini ƙofar ta fara cijewa, sai ta sa kafaɗa take buɗe ta. Na ce sabunta ce, za ta saki. Ta sake faɗa bayan kwana biyu, na ce in rana ta fito zan duba.

Ranar da abin ya faru, tun safe ake ruwa da iska. Ba a fita da mota a irin wannan lokaci, ina zaure ni da abokina muna dara. Inna tana da masu jiran ƙuli-ƙuli, sai ta shigar da murhu da kaskon suya cikin ɗaki, ta ja ƙyauren da ƙarfi don feshi. Wajen hantsi mai ya yi zafi ya kama da wuta, wutar ta lashi tabarma da tsohon asabarin da ke naɗe a gefe. Ta tura ƙofa, ƙofa ta ƙi.

Ihun maƙwabciyarmu muka fara ji. Na iso na ga hayaƙi yana fita ta 'yar tagar sama. Na kama mariƙin ƙyauren na ja, abokina ya kama ƙuguna ya ja, sai mariƙin ya tumɓuke a hannuna da ƙusoshinsa. Na nemi inda zan sa yatsa ko bakin fartanya in ɓanɓare, babu. Ni da kaina na sa aka toshe wurin. Na fara dukan ƙofar da ƙafa, alhali dukan ƙara cusa ta ciki yake yi. Ina jin tarin Inna a bayan katakon, tana kiran sunan Allah, muryarta tana raguwa.

Ban san wanda ya kira Baba ba. Ganinsa kawai na yi cikin ruwa, ba hula, da guduma da ƙusa da gizago. Ya ture ni gefe. Bai ko dubi wajen da muke fama ba, ɗaya gefen ya nufa, inda ƙarafan da ƙyauren ke juyawa a kansu suke. Ya sa ƙusa ya buge sandunan tsakiyarsu suka fita, ya cusa bakin gizago ya danna, ƙyauren ya yi ƙara ya faɗo waje. Wani ya taho da bokitin ruwa, Baba ya daka masa tsawa ya ce ba a zuba wa wutar mai ruwa, a kawo jiƙaƙƙen buhu da ƙasa. Muka fito da Inna, hannunta na dama ya ƙone daga wuyan hannu zuwa gwiwa. Tabon yana nan har ta koma ga Allah.

Muna gidan likita washegari, Baba ya zo gidanmu ba wanda ya aike shi. Ya ciccire katakon da aka ƙara, ya mai da ƙyauren yadda ya kafa shi tun farko. Da na dawo gida na ga abin da idona ya ƙi gani: giɓin da ɗan yatsa ke shiga da bazara ya koma kamar kaurin tsinke, ƙofar tana buɗuwa da hannu ɗaya.

Na je gidansa na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya ce in tashi, ya tambayi jikin Inna. Har na fara jin sanyi a raina, sai ya ce:

"Abin da ke tsakanina da kai na yafe, don darajar mahaifinka. Amma a kasuwa ka zubar, ɗana, a kasuwa za ka kwashe."

Na ce in Allah ya kai mu kasuwa mai zuwa zan yi.

To, a nan ne abin da ya fi ci mini rai yake. Kafin kasuwar ta zo, labari ya riga ya zaga gari a juye. Cewa ake yi ƙofar kafintan ɓera ta kulle mata a cikin wuta. Mutane sun san shi ya kafa, ba su damu da wanda ya ƙara katako ba. Waɗanda suka tsaya cikin ruwa suka ga tsohon nan ya cire ƙyauren da hannunsa, su ma shiru suka yi, don labarin da ake dariya a kansa ya fi daɗin faɗa. Da kunnena na ji mai igiyar nan yana ba da shi a rumfar mai shayi, yana ƙara gishiri, ana ƙyaƙyatawa. Ina zaune a wurin da kofi a hannuna. Kalma huɗu ta ishe ni: ni ne na toshe. Na kurɓi shayina na tashi.

Kasuwa uku ina zuwa har kusa da bishiyarsa ina juyawa. Abokina ya ce mutum kamata, mai kamiyo, ba ya durƙusa wa mai gizago a gaban 'yan ƙauye, ya ce magana ce za ta wuce. Na ji daɗin shawarar don ita nake so in ji. Inna kuwa da hannunta a naɗe take gaya wa duk matar da ta shigo sayen mai gaskiyar abin da ya faru, amma maganar cikin gida ba ta kai rumfunan maza ba. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana, ba ta kuma yawan yi mini faɗa. Ran nan na shigo gaishe ta bayan kaka, ta dubi ƙofar, ta ce:

"Katako ya kumbura da damina, ga shi rani ya yi ya sace. Kai kuwa ban ga ranar da za ka sace ba."

Ban sace ba. Aiki ya yanke wa Baba, ya daina fitowa gindin bishiyar, daga baya ya kwashe kayan aikinsa ya koma Safo wajen 'yarsa. Ina bi ta kusa da garin da mota, kullum in ce sai na dawo. A shekarun fari aka aiko ya rasu. Na je gaisuwa, na miƙe a gaban mutane na faɗi duk abin da na yi. Suka ce Allah ya gafarta mana baki ɗaya. Mutanen Safo ne, ba su san komai a kan maganar ba, ba su ne suka yi dariya ba. Inda ya ce in kwashe, ban kwashe ba.

Yau ga ni na tsufa, abokin nawa ya rasu, mai igiya ya rasu, kamiyon ya zama tarkace tuntuni. Amma sunan nan bai mutu ba. Har kwanan baya na ji wani magini yana ce wa abokin aikinsa kada ya yi masa aikin kafintan ɓera. Bai san ko wane ne ba, bai san mutum ne mai salla da zumunci da ya ceci ran mahaifiyata ba. Na tsayar da shi a kan hanya na ba shi labarin tun daga farko, yana ta duban agogo. Haka nake yi yanzu duk inda na ji, ko an saurara ko ba a saurara ba. Minti ɗaya na yi ina ƙirƙirar sunan, na fi shekara arba'in ina bin sa ban kamo shi ba.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne. In mai sana'a ya yi abin da ba ka gane ba, ka tambaye shi a gidansa kafin ka tara masa jama'a. In kuma ka ci mutuncin mutum a fili, haƙurin da ka ba shi a ɓoye kanka ka yi wa, ba shi ba.

An rushe ɗakin Inna an sake gini, amma ƙyauren yana nan, shi ne a ɗakina. Gara ba ta taɓa shi ba, baƙin man nan har yau ana ganin alamarsa. Na sa an kafa shi da giɓinsa. Duk bazara sai wani baƙo ya leƙa ya ce, Alhaji, wa ya yi maka wannan aiki, a kira kafinta ya toshe mana. Nakan ce ya bar shi, rabon damina ne, kuma wanda ya bar shi ya fi ni da shi sanin aiki. Sannan in ce ya jawo tabarma ya zauna.