Tafintan da Aka Ɓoye wa Ciwonsa

Assalamu alaikum. Wata bakwai ban rubuta komai a nan ba. Waɗanda suka yi ta aiko da saƙo ban amsa ba, ku gafarce ni. Ga dalili.

Kun san na bar aikin jarida a Kano na zo Guangzhou ina yi wa 'yan kasuwarmu tafinta. Har asibiti nakan raka su.

Da ƙwannafi abin ya fara. Na ɗora wa yaji laifi. Sai rama, sai bayan gida ya koma baƙi. Wata rana a kasuwar Canaan jiri ya ɗebe ni, na zube kan dilar riguna.

Sani, abokin hayata, ya kai ni asibiti. A nan sai ka biya ta waya kafin kowane gwaji: jini, hoto, da bututu mai kyamara da suka zura ta maƙogwarona. Suka ɗebi tsoka, suka ce mu dawo bayan kwana biyar.

Da muka koma, likitar ta dubi takarda, ta dubi Sani, ta ce in jira a waje.

Na san ma'anar hakan, domin a da ni ake bari a ciki. Yawancin likitocin nan dangi suke fara gaya wa mummunan labari, su yanke ko mara lafiya zai ji. Bara waccan na raka Alhaji Mamman, mutumin Maraɗi. Likita ya ce mini cutar kansa ta cinye hantarsa. Na fito na ce masa ɗan kumburi ne, ya sha magani. A ganina tausayi na yi. Ya ci gaba da lodin kwantena, ya rasu a nan, bai ga 'ya'yansa ba, bai bar wasiyya ba.

Sani ya fito yana murmushin da ya yi yawa. "Malam, olsa ce kawai. Sai a rage yaji."

Na ce, "Sani, ni na saba sayar da wannan hajar. Kada ka tallata mini ita."

Ya sunkuyar da kai.

Na shiga na tambayi likitar da Sinanci. Ta ce kansar ciki ce. "Idan ba ta bazu ba, akwai hanya." Mako guda na yi ina jiran hoton da zai nuna ko ta bazu. Da na kira Hadiza, matata, ta ce, "Abban Nana, gaya mini duka. Kada ka rage mini komai."

Ba ta bazu ba. Aka yanke rabin cikina, aka shiga ba ni maganin kansa ta jijiya. Amai, zubewar gashi, tafin hannu kamar ba nawa ba.

Tsohon da ke gadon kusa da ni kullum yana kallon wani daɗaɗɗen fim ɗin Japan, kan mutumin da kwanansa ya ƙarato. Ya tambaye ni me zan yi in ni ne. Na san amsar, tsoronta nake ji.

Na nemo lambar babban ɗan Alhaji Mamman, na faɗa masa abin da na yi. Ya ce, "Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Amma da mun sani, da a gida ya cika."

Hoton ƙarshe ya fito lafiya, alhamdu lillahi. Duk wata uku zan koma a duba ni.

Na gode wa Allah, na gode wa Hadiza, da Sani mai kunun gyaɗa kullum, da 'yan'uwa daga Kano zuwa Yamai da suka taimaka.

Ƙwannafin da ya ƙi tafiya, a je a duba. Baƙin bayan gida, kada a jira a gama lodi. Kafin ka shiga wurin likita, ka gaya wa mai yi maka tafinta kana son jin komai.

Jiya na raka wani ɗan Kantin Kwari asibiti. Likita ya ce ya jira a waje. Na tambaye shi ko yana son ji da kunnensa. Ya ce yana so. Na jawo masa kujera.