Kiwon Tsutsa

Shekarar da na gama jami'a aka tura ni Kebbe duba gonakin sabon irin wake, wanda masana suka gyara halittarsa don tsutsar da ke huda kwanso ta mutu in ta ci shi. An gargaɗe mu cewa wata rana tsutsar na iya sabawa da shi. Duk wadda muka samu da rai, mu kai ta ɗakin gwaji da ranta, domin matacciya ba ta gwaduwa.

A wata gona kan hanyar Fakku na ɓare kwanso, sai ga ta tana motsi, ƙosasshiya. Wataƙila ta saba, wataƙila kuma an gauraya irin da na gida. Ban isa in yanke hukunci ba. Na durƙusa ina tsince ta da 'yan'uwanta ina zubawa cikin kwalba.

Mai gonar, wani dattijo, ya iso da ƙanensa, kowa da fartanya.

"Kai, malamin gona, mi kaka yi nan?"

"Baba, tsutsa nake ɗiba. Za a kai ta a yi kiwonta."

Haka muke faɗa a ofis. Ban tuna cewa a yankin nan kalmar kiwo, in ta shigo gona, jini take jawowa ba.

"Kiwo? Ashe ku ka kiwonta! Ku ba mu iri, ku zagayo ku sakam muna dabbobinku!"

Na fara cewa ba lallai haka abin yake ba, sai ƙanen ya maka mini ƙotar fartanya a kafaɗa. Na faɗi, na rungume kwalbar a cikina. Ya ƙara mini a haƙarƙari, ya take wuyan hannuna har na ji ƙashi ya yi ƙas. Ƙasa da jini suka cika mini baki.

"Baba, ku bar su da rai," nake ta cewa. Wannan ya ƙara tunzura su.

Dattijon ya fizge kwalbar, ya fasa ta a kan dutse, ya bi tsutsotsin da diddige yana murjewa.

A Tambuwal aka yi mini ɗorin hannun. Kafin in warke an rore waken, an cinna wa harawar wuta. Da shugabana ya tambaye ni ko tsutsar Kebbe ta saba, na ce masa ban sani ba. Har yau ban sani ba.