Ɗantsoho Mai Duban Ƙafa

Gardamar farko da Ɗantsoho ya sha kaye a cikinta, a kan takalmi ce, kuma gwaggonsa Kulu ce ta kayar da shi. Makanikin raksha ne, wato keke mai ƙafa uku, a garin Bahri da ke bakin kogin Nilu, ran Juma'a kuma ya ɗaura ƙyalle a wuya ya zama shugaban 'yan kashshafa, wato sikawut, na unguwar Hilla Kuku. Ana jibi zai kai yaransa tattaki duwatsun Sabaloka, sai ya haye kogi zuwa Umdurman ya sayo wani ƙaton takalmin sojoji, sabo fil, yana ƙyalli kamar goshin ango.

Kulu ta juya takalmin ta ce sabon takalmi suruki ne, sai an zauna da shi ake sanin halinsa. Ɗantsoho ya ce ita da iyakar tafiyarta gidan biki, me ta sani game da tattaki? Ta ce Allah ya kiyaye hanya.

Allah kuwa ya kiyaye hanya, ƙafa ce bai kiyaye ba. Gwanin namu ya yi alwalar azahar a bakin Nilu, ya zura jiƙaƙƙiyar ƙafa cikin safar leda, ya ɗaure igiya tamau. Kafin la'asar duddugensa ya sale. A bayan motar kankana aka dawo da shugaba, takalmin na rataye a wuyansa, yaran da ya tafi koya wa juriya suna yi masa fifita.

Kulu ta kwaɓa lalle ta lafta masa har idon sawu, wai yana sanyaya ƙafa. A garin nan kuwa namiji ba ya ƙunshi sai zai angwance. Matan unguwa suka yi ta leƙowa suna guɗa, suna tambayar ina amarya. Har yau ba a gan ta ba.

Da wani ne, da ya ajiye ƙyallen. Ɗantsoho sai ya mayar da ƙafa addini. Duk mai son binsa tattaki sai ya yi wata guda yana yawo da takalminsa, ko gidan maƙwabta za shi. Safa ta auduga, biyu, ɗaya a ƙafa ɗaya tana shan iska a bayan jaka. Farce a yanke. Bayan kowace alwala a zauna a goge tsakanin yatsu har su bushe, ko da liman ya gaji da jira. Jakunkuna kuwa zazzage su yake a ƙofar masallaci, ya mayar wa uwaye da tulin kwalaben turare da bargunan da suka cusa, ya ce yaro zai ɗauka, ba raƙumi ba. Lallen ma bai bari ba. Ana saura kwana kaɗan a tashi, kowa sai ya sha ƙunshi a tafin ƙafa.

A nan Alhaji Mika'ilu ya shigo, mai shagon buhuna, wanda ya ga jikansa da jan tafin ƙafa ya kusa haɗiye carbi. Ya tara iyayen yara bayan sallar Juma'a, ya ce a karɓe ƙungiyar daga hannun wannan makanikin kafin ya mayar musu da 'ya'ya amare. Ɗantsoho na tsugune a gefe, ya san in aka raba shi da yaran nan ba abin da ya rage masa sai baƙin mai.

Alhaji ya yi ta zuba. Ya ce kakanninmu daga Kano suka taho da ƙafa, ba safa, ba lalle, ba wani shanya yatsu kamar kuɓewa. Kawuna suka fara gyaɗawa. Ya juyo ya ce, "Kai Ɗantsoho, kakana da ya ratso Chadi da Darfur, wa ya duba masa ƙafa?"

Ɗantsoho ya miƙe ya karkaɗe wandonsa.

"Babu, Baba Alhaji. Amma Makka ya nufa. Da an duba masa, da yanzu a can muke wannan gardamar, ba a Hilla Kuku ba."