Kunyar Ɗan Fari a Gaban Alƙali

Ƙanwata ba ta kiran sunan ɗanta. Ɗan fari ne, kuma haka muka taso muka ga iyayenmu mata suna yi. Ba a faɗin sunansa, ba a wasa da shi a gaban mutane, ko kallonsa sai a sace. "Yaron nan" take ce masa. Amma in zazzaɓi ya kama shi, ita ce ba ta iya cin abinci.

Mijinta injiniya ne a wani kamfanin gas, suna zaune a unguwar Ain Khaled a Doha. Ni direba ne, ina ɗaki ɗaya da wasu abokan aiki a Al Muntazah. Na san yana dukanta. Duk sanda na yi magana, manyanmu da ke nan Doha sai su ce a yi haƙuri, kada a tona asiri a ƙasar mutane. Wata rana yaron ya shiga tsakaninsu, uban ya hankaɗe shi, hannunsa ya karye. Shekararsa shida. A asibiti aka ga karayar, aka ga fuskar uwar, sai hukuma ta kai yaron gidan kula da yara kafin kotu ta yanke wanda zai riƙe shi. Ita kuma wata mata 'yar Zariya ta ba ta wurin kwana.

Kotu ta ce kowannensu ya riƙa zuwa ganinsa, wata ma'aikaciya na zaune tana lura da su. Ni nake kai ta.

"Ki rungume shi," na ce mata a mota. "Mutanen nan abin da idonsu ya gani shi suke ɗauka."

"Haba Yaya, a gaban baƙuwa? Sai ka ce marar kunya?"

"To ko sunansa ki kira."

Ta yi ɗan murmushi da leɓenta da bai gama warkewa ba. "Kai Inna ta taɓa kiran naka? Ga ka nan, ba ka mutu ba."

Dambun nama take yi masa da hannunta. In ta shiga sai ta tura masa kwanon, ta zauna gefe tana kallon bango, shi kuma ya matso ya jingina da ƙafarta yana ci. Ya gane uwarsa sarai. Uban kuwa da motar wasa yake zuwa, ya ɗaga shi sama, ya sumbace shi, har da hawaye.

Ranar shari'a, tafintan da aka samo wani malamin jami'a ne, ɗan garinmu, wanda suke cin abincin Juma'a tare da mijin. Ma'aikaciyar ta ce uwar ba ta nuna shaƙuwa da yaron, ba ta taɓa shi, ba ta kiran sunansa. Alƙali ya dubi ƙanwata ya ce ta faɗi sunan ɗanta. Ɗakin cike da maza, ga wan mijinta a zaune. Ta ja mayafi ta rufe baki. Sai da aka maimaita mata kafin ta faɗa, can ƙasa-ƙasa, ni kaina ban ji ba.

Alƙalin ba mugu ba ne. Ya tambayi tafinta ko akwai wani dalili a al'adarmu. Ina jin Larabci daidai gwargwado, tuƙi ya koya mini. Da kunnena na ji tafintan ya ce bai san da wani dalili ba. Na miƙe zan yi magana, ɗan sanda ya ce in zauna ko in fita.

A waje na tare tafintan.

"Malam, kai ba Bahaushiya ce ta haife ka ba?"

Ya gyara zaman hularsa. "Fassara aka kira ni in yi, ba bayani ba. Kuma yaro a hannun ubansa ya fi gata. Khalas, ka bar maganar."

An ce uban ya halarci darussan danne fushi, yana da gida, yana da aiki. Aka mayar masa da yaron, uwar kuma ta riƙa ziyara. Bayan 'yan watanni ya sake ta. Shi ne kafil ɗinta, wato da sunansa take zaune a ƙasar, sai ya soke iznin zamanta. Ni na kai ta filin jirgi. Ba ta yi kuka ba, ta ce kawai in riƙa duba hannun, kada ya warke a karkace.

Bara ta rasu a Katsina bayan gajeriyar rashin lafiya. Ba ta sake ganinsa ba.

Na yi zaman makoki a ɗakinmu. Rana ta biyu suka zo, mijin da tafintan da manyan nan, cikin manyan riguna da ƙamshin turare. Tafintan ne ya ja addu'a, da murya mai daɗi, ya ce mace ce mai kunya da tarbiyya, irin wadda ta yi ƙaranci yanzu. Kowa ya ce amin. Na tambayi ina yaron. Uban ya ce yana wurin koyon ninƙaya, ba a gaya masa ba tukuna, kada a ɗaga masa hankali.

Da za su tafi suka miƙo hannu, na ba su. Bayan sun sauka na buɗe taga, duk da zafin da ake yi, har ƙamshin ya fita.