Monitan da Ba Ya Son a Miƙe Masa

A layin masu gyaran rediyo akwai wani dattijo da kowa ke kira Monita. Duk wanda ya shiga shagonsa, tun kafin gaisuwa yakan nuna masa benci ya ce, "Zauna tukuna." Kuma ko yaro bai yarda ya miƙe masa ba. Wannan ɗabi'a tana da asali.

Yana ɗan shekara goma sha shida yaƙi ya iso garinsu, aka ba shi kakin soja tare da 'yan ajinsa tara. Da yake shi ne monitan ajin, shugaban makaranta ya riƙe hannunsa a bakin ƙofa ya ce, "Tara na ba ka, tara za ka dawo mini da su."

Bayan mako uku aka tura su su ja wayar tarho zuwa ga wata runduna da abokan gaba suka yi wa ƙawanya a hayin rafi. Suka bi wani dogon rami da rarrafe, harsasai na shawagi bisa kawunansu. Da tsakar rana, suna hutawa, sai ga wani hafsa ya rarrafo cikinsu. Monita na ganin babba ya shigo, bakinsa ya riga hankalinsa: "Aji, a miƙe!" Shekara takwas ke nan suna bin wannan umarni, suka miƙe zumbur.

"Ku kwanta, shashashai! Nan aji ne?" in ji hafsan.

Amma harsashi ya riga ya sami Dogo, mafi tsawonsu, a kafaɗa. Hafsan ya ce a bar shi nan, a wuce da waya.

"Ranka ya daɗe," in ji Monita, "waya za ta isa, amma tara aka ba ni."

Ya yage rigarsa ya ɗaure raunin, ya goya Dogo, ya ci gaba da rarrafe, sauran suna jan waya a bayansa. Gwiwoyinsa duk sun saɓule kafin su tsallake rafin. Tarho ya yi magana, rundunar ta sami mafita. Da yaƙi ya ƙare, shugaban makaranta ya ƙirga tara cif a bakin ƙofa.

Har yau Dogo kan zo shagon kowace safiya da shanyayyen hannunsa, ya tsaya ƙiƙam a ƙofa don tsokana.

"Monita, a miƙe ko a zauna?"

"Zauna, don Allah, mutum sai ka ce falwaya."