Malam Iro da ƙofofin motar mahaifina

Ina tsaye bakin sitona a Batsari ana sauke buhunan wake, sai ƙanen Malam Iro ya bugo waya. "Alhaji, Malam Iro lokaci ya yi. Bayan azahar za a kai shi." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ce wa masu sauke kaya su dakata, na nemi dakali na zauna.

Ni ba mai yawan yabon mutane ba ne. A aji uku na bar sakandare, da jaki na fara bin ƙauyuka sayen hatsi, kuma abin da na tara, bayan ikon Allah, da gumina na tara shi. Na saba in faɗa a yi. Malam Iro, mai ɗinkin kujerun mota a Safana, yana cikin 'yan ƙalilan da suka taɓa ce mini a'a.

Da ɓarayin daji suka tashe mu daga Ruma, abin da muka fito da shi na marigayi mahaifina shi ne tsohuwar motarsa, ita ma janyo ta aka yi. Bara, da jikin Inna, mahaifiyata, ya yi nauyi, ta ce tana son a kai ta Safana ta ga yayarta, amma a motar mai gidanta, ba tawa ba. Bakanike ya tayar da inji. Cikin motar kuwa ya lalace: bangon ƙofofin na ciki ya sha ruwa ya kumbura, ledar ta yayyage, ƙarafa a waje. Don in rage aiki, da hannuna na ɓamɓare duka huɗun na watsar a bola.

Malam Iro ya leƙa motar, ya ce, "Ina tsofaffin?"

"Na zubar, Malam. Sababbi nake so, masu ƙyalli."

Ya cire tabarau ya dube ni. "Alhaji, kai da ke awon hatsi, ka taɓa jefar da tiya ka ce da ido za ka auna? Tsohon shi ne ma'auni. Shi ke nuna ramin mabuɗi, da na hannun gilas, da inda kowane maƙali ke shiga. Irin wannan motar yanzu ba a samun nata a kasuwa."

Na ce ya kintata kawai, lokaci ba ya jiran Inna. Ya ce, "Idan na kintata, katako zai ɓalle a hanya, tsohuwa ta jingina, ƙarfe ya yanke ta. Ba da hannuna ba. Koma ka nemo."

Na koma raina a ɓace. Uku an riga an hura wuta da su. Na huɗun, na ƙofar direba, wata maƙwabciyarmu ta rufe akurkin kaji da shi. Da babbar rigata na durƙusa na roƙe ta, tana dariya tana cewa, "Alhaji, kajin nawa fa, a sitonka za su kwana?"

Da na kai masa, bai yi mini gori ba. Ya wanke kashin kajin da kansa, sannan ya tambaye ni, "A ina Inna take zama?" Na ce gaba, kusa da Baba. Sai ya kifa tsohon a kan sabon katako, ya zana, na dama ya fito daga na hagu. Ƙofarta ya fara yi. Ya manna leda a jikin ƙarfe don kada ruwan sama ya sake shiga, yana cewa, "Wurin da ba a gani nake fara gyarawa." Da ya ji hannunta na ciwo, ya ninka soso a majinginar hannu. Ledar mai ƙyalli da na kawo kuwa ya mayar mini, ya bi rumfuna har ya samo ruwan ƙasa irin ta asali. Na baya, ya ce, sai an bi su rami-rami da takardar buhun siminti an fitar da ma'auni, su jira.

Ranar Juma'a na ɗauko Inna. Ta shafa ƙofar tun daga sama har ƙasa, ta ɗora hannunta, ta ce, "Haka take a da." Na kai ta Safana. Ta kwana biyu wurin yayarta. Inna ba ta cika wata biyu ba bayan nan Allah Ya karɓi abarSa.

Sau da yawa na wuce ta gaban rumfarsa, mu gaisa, in tambayi iyali, in wuce. Ban taɓa buɗe baki na ce masa shi ke da gaskiya ba. Girman kai ya hana ni. Yau na faɗa a gaban jama'a, ko da yake shi ba zai ji ba.

Allah Ya jiƙan Malam Iro, Ya yafe masa kurakuransa, Ya yalwata makwancinsa, Ya sa yadda ya tausaya wa uwata Ya tausaya masa. Allah Ya ba matarsa da 'ya'yansa da ƙanensa haƙuri, Ya zama gatansu. Mu kuma idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.