Baba, Mai Babur Ɗin da Na Hau

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, Allah Ya karɓi ran surukina, mahaifin matata, tsohon malamin dabbobi, bayan jinyar ciwon ƙoda da ya sha fama da ita. Baba, tun da na auri 'yarka ban taɓa haɗa ido da kai ba. Yau da ba ka nan ne nake iya yi maka magana, kuma ko a takarda kaina a sunkuye yake.

Shekara biyu ke nan da aka rushe layin shagunan da nake ɗinki. Na rasa shago, na kasa riƙe gidan haya. Kai ka aiko a ce mu dawo ɗakin baya na gidanka, ni da 'yarka da jikokinka biyu. Na shigo da keken ɗinki a ka, ina jin kamar duk unguwa ni take kallo. Namiji da iyali a gidan suruki. Nakan fita kafin ka fito alwala, in dawo bayan ka shiga ɗaki, don kada mu haɗu a tsakar gida.

Ba ka taɓa ce mini komai a kan haka ba. Sai wata safiya na tarar da makullin babban babur ɗinka, wanda ka yi shekaru kana zaga rugage da shi kana duba shanu, a kan keken ɗinkina. Ka ce wa 'yarka, "Gaya wa maigidanki ya taimake ni. Inji in ba a hawa lalacewa yake yi." Da shi na fara bin gidaje ina karɓo ɗinki ina mayarwa, har abinci ya dawo hannuna.

Akwai ranar da na ɗauke ka zuwa asibiti wankin ƙoda. A gidan mai famfo biyu ne, ɗaya na fetur mai lamba casa'in da ɗaya, ɗaya na mai lamba casa'in da biyar. Ni dai na ga na farko ya fi sauƙi, shi nake ta zubawa. Muna hawan tudun da ke gaban asibiti, kana riƙe da kafaɗata, injin ya fara ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, ƙarfinsa ya ragu. Gumi ya keto mini. Na san ka ji, don kai ka fi kowa sanin muryar babur ɗin nan.

Da muka fito, ka ce mu biya gidan mai. Ba ka dube ni ba. Mai zuba man ka kira, ka ce, "Cika mana da casa'in da biyar. Babur ɗin nan tsoho ne irina, ba kowane abinci cikinsa ke karɓa ba." Sai ka tsaya kana yi masa bayani da ɗan ƙarfi, alhali aikinsa ne, ya sani. Ka ce lambar nan ta oktan ba ƙarfin mai take nunawa ba, juriyarsa ce. Injin da ke matse mai sosai, in aka ba shi ƙaramar lamba, man yakan kama wuta kafin lokacinsa, shi ne ƙwanƙwasar da ake ji, kuma a hankali takan cinye fistin da ke cikin injin. Ƙaramin babur kuwa, ka ce, ko an zuba masa babbar lamba ba abin da zai ƙaru da shi, ɓarna ce kawai. Kowa ya duba abin da masu ƙera injinsa suka ce, ya tsaya a nan. Mutumin yana ta gyaɗa kai, ni ina tsaye ina kallon taya. Da ni kake, amma ka ƙi bari in ji kunya a gaban baƙo. Ƙarar ba ta sake dawowa ba.

Na ɗauka iyakar suturar da ka yi mini ke nan, sai a zaman makoki. Abokanka na wurin aiki suka zo, dattawa masu furfura, kowa ya kama hannuna ya riƙe. Ɗaya ya ce, "Kai ne telan? Allah Ya yi maka albarka. Marigayin ya ce mana shi ya roƙe ka ka bar gidanka ka dawo ka kula da shi, ka amsa ba musu." Limamin unguwa ya ce haka ka gaya masa. Maƙwabta ma haka. Ashe shekara biyun da na yi ina raɓe-raɓe a jikin bango, mutane kallon ɗan kirki suke yi mini. Na buɗe baki in gyara maganar, surukata ta girgiza mini kai daga bakin ƙofa. Na karɓi yabon da ba nawa ba ne, hawaye na zuba. Sun ɗauka na rashi ne kawai.

Shi ya sa na rubuta wannan, Baba. Ba ni na riƙe ka ba, kai ka riƙe ni.

Ya Allah, bawanKa ya rufa asirin wanda ba shi da komai, Ka rufa nasa ranar da asirai za su tonu. Ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi, Ka yalwata kabarinsa, Ka saukar da shi Aljannar Firdausi. Ina miƙa ta'aziyya ga surukata Inna, wadda ta yi jinyarsa dare da rana, da matata da ƙannenta, da jikokinsa da har yanzu suke leƙa ɗakinsa da safe. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.